Ƙaddara, Sakaci da Haƙƙin Mamaci: Tsokaci Kan Haɗurran Jiragen Saman Soja

Gabatarwa

Akwai tambayoyin da al'umma kan yi da babbar murya ranar da masifa ta auku, sa'an nan ta bar su su kwanta da zarar an share makoki. Ɗaya daga cikinsu ita ce wadda akan yi duk lokacin da jirgin saman soja ya faɗo da mutane, wato, me ya jawo? A ranar farko kowa na tambaya. A rana ta biyu hukuma kan ba da sanarwar kafa kwamitin bincike. A rana ta uku akan yi jana'iza, a harba bindiga, a busa bigila, a miƙa wa iyalai tuta. Daga nan sai shiru, har sai ranar da wani jirgin ya sake faɗowa, ko kuwa ranar da aka ji a rediyo cewa gwamnati ta sa hannu a kan kwangilar sayo sababbin jirage.

Wannan maƙala ba ta masana ƙere-ƙere ba ce, domin mu ɗaliban adabi ne, iyakarmu da jirgi mu shiga mu zauna inda aka nuna mana. Abin da ya ja hankalinmu shi ne matsalar ɗa'a da ke kwance a ƙarƙashin lamarin. Shin akwai wani haƙƙi da mamaci ke bin rayayyu bayan sutura da addu'a? Shin yarda da ƙaddara ta ɗauke mana nauyin bincike? Kuma shin ya dace ƙasa ta kashe dukiyar jama'a wajen sayo sabon jirgi alhali ba ta tsaya ta fahimci abin da ya kayar da tsohon ba? Za mu bi waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, muna kafa hujja da abubuwan da suka faru a ƙasarmu da wasu ƙasashe.

Fadamar Ejigbo

Ranar Asabar, 26 ga Satumba, 1992, da yamma, wani jirgin ɗaukar kaya da dakaru na Rundunar Mayaƙan Saman Nijeriya, samfurin C-130 mai inji huɗu, ya tashi daga Ikko ya nufi Kaduna. Bai wuce minti uku a sama ba ya faɗa cikin wata fadama a yankin Ejigbo. Babu wanda ya tsira. Mafi yawan waɗanda ke ciki hafsoshi ne masu matsakaicin muƙami daga rundunonin ƙasa da ruwa da sama, ɗalibai a Kwalejin Horar da Manyan Hafsoshi ta Jaji, waɗanda suka zo Ikko ziyarar karatu, suna kan hanyar komawa. Tare da su akwai 'yan ajinsu daga wasu ƙasashen Afirka, har da Gana. A yamma ɗaya ƙasa ta rasa kusan aji guda na mutanen da ake shiryawa domin jagorancin sojanta.

Mu da muke yara a lokacin, abin da muke iya tunawa shi ne jerin sunaye a jarida da kuma yadda manya suka yi ta jimami. Sai da muka girma muka lura da wani abu, wato ko adadin mamatan ma ba a daidaita a kansa ba. Wasu rahotanni sun ce 158, wasu 159, wasu kuma sun haura 160. An ruwaito cewa injuna uku daga cikin huɗu ne suka mutu jim kaɗan bayan tashi. Me ya kashe su? Wasu sun ce gurɓataccen mai ne, wasu sun ce lodi ne ya yi yawa, wasu sun ce rashin kulawa ne, wasu kuma suka ce maƙarƙashiya ce. Fiye da shekara talatin ke nan, ba a buga wa jama'a cikakken rahoton da zai raba gardama ba. Matan da aka bari da marayu kuwa sun shafe shekaru suna kai gwauro suna kai mari a kan alkawuran da aka yi musu a bakin kabari.

Ejigbo ba shi ne na farko ba, ba kuma shi ne na ƙarshe ba. Tun a 1969 shugaban rundunar saman kansa, Kanar Shittu Alao, ya rasu a haɗarin jirgin da yake tuƙawa. A Satumban 2006 jirgi samfurin Dornier ya faɗi a yankin Vandeikya ta Jihar Binuwai, a kan hanyarsa daga Abuja zuwa Obudu, ya hallaka janar-janar da dama. A Disamban 2012 jirgi mai saukar ungulu na sojan ruwa ya faɗi a Jihar Bayelsa, inda Gwamnan Kaduna, Patrick Yakowa, da Janar Owoye Azazi suka rasu. A Fabrairun 2021 wani jirgi samfurin King Air ya faɗi kusa da filin jirgin Abuja da mutum bakwai, yana kan hanyar Minna domin aikin neman ɗaliban Kagara da aka sace. Wata uku bayan haka, ranar 21 ga Mayu, wani irinsa ya faɗi kusa da filin jirgin Kaduna da mutum goma sha ɗaya, cikinsu har da Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru. Wannan jeri ya isa ya nuna cewa tambayar da muka fara da ita tana nan da ranta.

Ƙaddara Ba Mafakar Sakaci Ba Ce

Amsar farko da bakinmu ya saba da ita ita ce, kwana ne ya ƙare. Ba mu da ja a kan wannan. Mai imani ya san babu ran da zai wuce wa'adinsa, kuma wannan sani shi ne ke riƙe zuciyar uwar da aka kawo mata labarin ɗanta. Wanda ya je ta'aziyya ya tsaya yi wa masu makoki bayanin inji da mai, ya nuna rashin tarbiyya. A zauren makoki, haƙuri da addu'a su ne magana.

Sai dai kuma zauren makoki daban, ofishin mai riƙe da amana daban. Kalmar da ta zama magani a bakin mai ta'aziyya tana iya zama guba a bakin wanda aka damƙa wa kula da jirgin. In uwa ta ce ƙaddara ce, ta miƙa wuya ga Mahaliccinta ne. In kuwa jami'in da ya sa hannu cewa an gyara inji, alhali ba a gyara ba, ya ce ƙaddara ce, to ya ɓuya ne a bayan sunan Allah domin kada a tambaye shi. Lafazi ɗaya ne, amma niyya ta bambanta, kuma hukuncinsu ba zai zama ɗaya ba.

Magabata ba su fahimci ƙaddara ta wannan fuska ta biyu ba. Sanannen labari ne cewa Sayyadina Umar ya nufi ƙasar Sham, a hanya aka gaya masa annoba ta ɓarke a can. Bayan ya yi shawara da sahabbai sai ya yanke a juya. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya kawo misalin makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa, ɗaya ƙeƙasasshe, ya nuna cewa duk gefen da ya kai raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kai su. Abin nufi shi ne, ɗaukar mataki ma yana cikin ƙaddara. Makanikin da ya duba mai kafin a zuba, da matuƙin da ya ce ba zai tashi da lodin da ya wuce ƙima ba, ba su yi jayayya da hukuncin Ubangiji ba, sun zaɓi gefen da ke da ciyawa ne kawai.

A rayuwar yau da kullum ma ba mu yarda da wannan uzuri. In rijiya ta ci yaro a unguwa, mukan yi haƙuri, amma washegari mukan sa a yi mata murfi, mu kuma tambayi mai gida dalilin barinta a buɗe. Babu mai cewa wannan ƙarancin imani ne. To, me ya sa in abin ya kai ga jirgin gwamnati sai mu ga tambaya ta zama rashin ladabi? Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani, kuma babu rigakafin cutar da ba a san sunanta ba.

Me Ake Nema a Bincike?

In mun yarda bincike wajibi ne, saura mu san abin da ake nema a cikinsa. A nan mutane sun kasu biyu. Akwai masu ganin manufarsa ita ce a gano mai laifi a hukunta shi, akwai kuma masu ganin manufarsa ita ce a gano sanadi a toshe shi. A harkar jiragen farar hula duniya ta riga ta zaɓi ra'ayi na biyu. Ƙa'idojin da aka gina a kan Yarjejeniyar Chicago ta 1944 sun tanadi cewa ana binciken haɗari ne domin hana aukuwar irinsa, ɗora laifi kuwa aikin kotu ne. Hikimar hakan a fili take. Makanikin da ya san duk abin da ya faɗa zai kai shi kurkuku ba zai faɗi cewa ya ga mai na yoyo ya kawar da kai ba, in kuwa bai faɗa ba, yoyon na nan a sauran jiragen.

Amfanin wannan hanya ya bayyana tun a 1954, lokacin da jiragen fasinja biyu samfurin Comet na Ingila suka tarwatse a sama cikin wata uku. Masu bincike suka tsamo tarkace daga teku, suka sa gangar jikin wani jirgin irinsu cikin wani ƙaton tankin ruwa, suna matsa ta suna saki har ta tsage. Da haka aka gane yadda ƙarfe ke gajiya saboda yawan hawa da sauka, aka kuma bayyana wa duniya. Duk wanda ya hau jirgi tun daga lokacin ya ci moriyar wannan haƙuri.

To amma yarjejeniyar da muka ambata ba ta shafi jiragen soja ba. Kowace ƙasa ita ke binciken nata, kuma galibi rundunar da ta yi asarar ita ce mai binciken kanta. A nan ne haɗarin zalunci yake, domin a cikin duk waɗanda abin ya shafa, mutum ɗaya ne ba ya iya kare kansa, shi ne matuƙin da ya mutu. Wanda ya ƙera jirgin yana da lauyoyi, wanda ya sayo shi yana da muƙami, wanda ya rage kuɗin gyara ya yi ritaya da lambar yabo. Matuƙi kuwa yana kabari, saboda haka babu abin da ya fi sauƙi kamar a rubuta cewa kuskurensa ne, a rufe fayil.

Misalin wannan ya faru a Birtaniya. Ranar 2 ga Yuni, 1994, jirgi mai saukar ungulu samfurin Chinook ya ci karo da tsauni cikin hazo a Mull of Kintyre ta ƙasar Sikotlan, mutum 29 suka mutu. Manyan hafsoshi biyu suka yanke cewa matuƙan biyu sun yi mummunan sakaci, duk da cewa jirgin ba ya ɗauke da na'urar naɗar bayanai, kuma an daɗe ana shakkar na'urar da ke sarrafa injunan wannan samfuri. Iyalan matuƙan suka ƙi yarda. Sai a 2011, bayan shekara goma sha bakwai, aka soke wannan hukunci, gwamnati ta nemi afuwarsu. Ba mu kawo wannan don mu nuna Turawa sun fi kowa adalci ba, domin shekara goma sha bakwai ana zaluntar mamaci ba abin alfahari ba ne. Abin lura shi ne, an iya gyara kuskuren ne saboda hukuncin yana rubuce a fili, ana iya karanta shi a ƙalubalance shi. Rahoton da ke kulle a durowa babu mai iya ɗaukaka ƙara a kansa.

Wannan ba ya nufin a yafe wa kowa. Akwai bambanci tsakanin kuskure da ha'inci. Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kuskure, darasi za a koya daga gare shi. Wanda kuwa ya karɓi kuɗin sabon kayan gyara ya kawo tsoho, ko ya sa hannu a kan aikin da ba a yi ba, wannan ya yi kisa ne da alƙalami, kuma barinsa cin amanar mamatan ne. Adalci shi ne a raba hanyoyin biyu, masu neman sanadi su yi nasu, masu shari'a su yi nasu, kada a bari ɗaya ta haɗiye ɗaya.

Tsakanin Sirri da Amana

Hujja mafi ƙarfi da akan kawo wajen ɓoye rahoto ita ce tsaron ƙasa. Bai kamata mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ƙasar da ke yaƙi da masu tayar da ƙayar baya ba za ta buga a jarida yawan jiragenta masu lafiya ba, ko tsayin da suke tashi, ko inda rauninsu yake. In an harbo jirgi a fagen daga, kamar yadda ya faru da wani Alpha Jet a yankin Zamfara a Yulin 2021, inda matuƙin ya tsira, bayyana dalla-dallan yadda aka same shi tamkar koya wa maƙiyi darasi ne. Wannan sirri ne na gaskiya, kuma mai hankali ba zai nemi a tona shi ba.

Amma mu dubi jerin da muka kawo a baya. Jirgin Ejigbo ɗalibai ya ɗauko daga Ikko zuwa Kaduna. Na Vandeikya taro zai kai hafsoshi. Na Bayelsa daga wajen jana'iza ya taso. Wane sirrin yaƙi ne ke cikin sanin ko man jirgi gurɓatacce ne, ko lodinsa ya yi yawa, ko an tashi cikin hadari? A irin wannan hali, abin da sirri ke karewa shi ne mutuncin wasu mutane, kuma mutuncin jami'i da tsaron ƙasa ba abu ɗaya ba ne, ko da yake masu muƙami kan so a ɗauke su ɗaya.

Haka zalika, shiru yana da nasa farashi. Inda hukuma ta ƙi magana, jita-jita ce ke magana a madadinta. Har gobe akwai masu rantsuwa cewa da gangan aka kayar da jirgin Ejigbo, kuma babu takardar da za a nuna musu a ce ga gaskiya. Bayan rasuwar Janar Attahiru an yi wani abin a yaba, domin rundunar sama ta gayyaci hukumar binciken haɗurran jiragen farar hula ta sa hannu, hukumar kuma ta miƙa mata rahoton wucin gadi a Satumban 2021. Sai dai ba a buga shi ga jama'a ba a lokacin, don haka zargi ya ci gaba da yawo a bakin mutane. Sojan da ke jin irin waɗannan maganganu a bariki, da wace zuciya zai hau jirgi gobe?

Birtaniya ta sake ba mu misali, wannan karo na abin koyi. A Satumban 2006 jirgin leƙen asiri samfurin Nimrod ya kama da wuta a sararin Afganistan, kusa da Kandahar, jim kaɗan bayan ya sha mai a sama, sojoji 14 suka mutu. Ana tsakiyar yaƙi, jirgin kuma na asiri ne, amma aka naɗa lauya mai zaman kansa, Charles Haddon-Cave, ya bincika. Rahotonsa na 2009 ya nuna cewa mai ne ya taɓa wani bututu mai zafi, amma bai tsaya nan ba. Ya bi sawun abin har zuwa shekarun da aka yi ana tsuke bakin aljihu, ana fifita rage kashe kuɗi a kan lafiyar jirage, ya kuma ambaci sunayen waɗanda suka gaza. A 2010 aka kafa hukuma ta musamman mai sa ido a kan lafiyar jiragen soja. Tsaron ƙasar bai rushe ba don an faɗi gaskiya. Ashe ana iya cire abin da yake sirri ne na haƙiƙa, a bayyana saura.

Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Yanzu sai mu zo ga tambaya ta uku, ta sayen sababbin jirage. Bayan kowane haɗari akan ji kira cewa jiragenmu sun tsufa, a sayo sababbi. Kiran yana da daɗin ji, kuma wani lokaci gaskiya ne. Amma shekarun jirgi kaɗai ba su ne lafiyarsa ba. Akwai ƙasashen da ke tashi da jiragen da suka haura shekara hamsin lami lafiya, domin ana canza musu abin da ya gaji a kan lokaci. Jiragen King Air biyu da muka rasa a 2021 kuwa ba sa cikin tsofaffin jiragen rundunar. Saboda haka wanda ya ce sabo ne magani tun kafin ya karanta rahoton bincike, ya rubuta magani ne bai ga majinyaci ba. In sanadin haɗari shi ne rashin na'urar hasashen yanayi, ko ƙarancin sa'o'in horo, ko gurɓataccen mai, to sabon jirgi zai gaji ciwon tsohon ne kurum.

Tarihinmu ya ishe mu wa'azi. A 1984 Nijeriya ta fara karɓar jiragen yaƙi 18 samfurin Jaguar, ƙirar haɗin gwiwar Ingila da Faransa, a kan kuɗi masu yawa. Ba su cika shekara goma suna aiki ba aka ajiye su a farkon shekarun 1990, saboda aljihun gwamnati ya kasa ɗaukar nauyin kula da su. Kowane mai doki ya san ranar saye ita ce mafi sauƙi, wahalar tana ga harawa da dawa da kanwa da ɗan barga, kullum ta Allah har dokin ya tsufa. Jirgi ma haka yake. Kuɗin mai da kayan gyara da horar da matuƙa da makanikai a tsawon rayuwarsa yakan zarce kuɗin sayensa nesa ba kusa ba. Sai dai ranar saye ce ake yanka kirtani a ɗauki hoto, kuma a nan ne kwangila take da maiƙo. Babu shugaban da aka taɓa yi wa kirari don ya cika sito da kusoshi da tayoyi.

Akwai kuma matsalar tara samfura barkatai. Rundunarmu ta sama, wadda aka kafa a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, ta yi amfani da MiG na Tarayyar Sobiyet, da Alpha Jet na Faransa da Jamus, da L-39 na Cekoslobakiya, da F-7 na Sin, da JF-17 daga Pakistan, da jirage masu saukar ungulu na Rasha da Italiya da Turkiyya. Kowane samfuri da nasa kayan gyara, da nasa littafin aiki, da nasa makanikai. A yi adalci, wannan yana da dalili. A lokacin yaƙin basasa, a 1967, ƙasashen Yamma sun ƙi sayar mana da jiragen yaƙi, dole ta sa aka nufi Mosko. A 2014 ma, ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram, Amurka ta hana a sayar mana da wasu jirage masu saukar ungulu. Wanda aka taɓa rufe wa ƙofa ba a zarginsa don ya nemi abokai da yawa. Duk da haka, kowane sabon samfuri ƙarin nauyi ne a kan makaniki, kuma wajibi ne a lissafa wannan nauyi kafin a sa hannu. Cinikin jiragen Super Tucano 12 da aka karɓa daga Amurka a 2021, a kan kusan dala miliyan 500, ya haɗa da horo da kayan gyara da gine-gine a sansanin Kainji. Wannan ita ce hanyar da ta kamata, muddin za a ci gaba da ciyar da dokin bayan mai sayarwa ya tafi.

Wani zai ce, sojan da ke cikin daji yana jiran agaji daga sama ba zai iya jiran kwamiti ya gama zama ba. Gaskiya ne, kuma rashin jirgi ma yana kisa. Ba muna cewa a daina saye sai an gama kowane bincike ba. Muna cewa ne kada a raba biyun. Duk takardar neman kuɗin sabon jirgi da za ta je gaban majalisa, ya kamata ta zo tare da bayanin abin da aka koya daga haɗurran baya, da shawarwarin da aka aiwatar, da waɗanda ba a aiwatar ba da dalili, da kuma kuɗin kula da jirgin na shekara ashirin. Kuɗin nan na talaka ne, an hana asibiti da makaranta aka ba soja, kuma talaka ya yarda ne domin a tsare shi. Wanda aka ba irin wannan amana, mafi ƙarancin abin da zai yi shi ne ya nuna cewa ya yi lissafi.

Kammalawa

Soja ya yi rantsuwa cewa zai ba da ransa in ƙasa ta nema. Wannan alkawari ne mai nauyi, kuma kowane alkawari yana da gefe biyu. Shi ya yarda ya mutu a hannun maƙiyi. Bai yarda ya mutu saboda an karkatar da kuɗin gyara ba, ko don wani babba ya matsa a tashi cikin hadari, ko don an manta darasin da wani ya riga ya saya da ransa shekaru da suka wuce. Gefen ƙasa a alkawarin shi ne kada ta yi wasa da ran da aka ba ta.

Daga abin da ya gabata muna iya cewa mamacin irin wannan haɗari yana bin mu abu uku bayan addu'a. Na farko, a faɗi gaskiyar yadda ya mutu, ga iyalinsa da kuma jama'a, in ban da abin da yake sirrin yaƙi ne na haƙiƙa. Na biyu, kada a ɗora masa laifin da ba zai iya musantawa ba sai da hujja tabbatacciya. Na uku, a gyara abin da ya kashe shi kafin a sa ɗan'uwansa a kujerarsa, ko a tsohon jirgi ko a sabo. Domin cika waɗannan, akwai buƙatar masu bincike waɗanda ci gaban aikinsu bai rataya a hannun waɗanda suke bincika ba, da kuma doka mai tilasta fitar da rahoto cikin ƙayyadadden lokaci.

'Ya'yan hafsoshin Ejigbo da aka bari a goye yau sun zama magidanta, da yawansu sun kai ko sun wuce shekarun da iyayensu suka rasu. Fitar musu da rahoton ba zai dawo da kowa ba, amma haƙƙinsu ne, kuma ba a makara ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.